Uwar Maƙerar Gidan Korau

Ku gyara zama, yau ba tatsuniyar gizo da ƙoƙi na zo da ita ba. Shari'a ce aka ba mu, mu dattawa biyar, muka wuni a kanta muka tashi muna hararar juna. Ku da kullum kuke cewa kanku ya fi namu buɗewa, to ga fili ga mai doki. Roƙona ɗaya ne, kada wanda ya tari numfashina sai na dire.

A garinmu Kwarin Tama akwai wani tsoho, Sarkin Maƙera Korau. Tun ina saurayi a hannunsa nake sayen fartanya da lauje, don haka abin da zan faɗa ba a kasuwa na tsinto shi ba. A tsakiyar rumfar ƙirarsa akwai uwar maƙera, babban curin ƙarfen nan da ake ɗora ƙarfe a kai in ya yi ja a yi ta dukansa. Kakan kakansa ne ya narkar da tamar rafin bayan gari ya yi ta. Ba a sayar da ita, ba ta kuma shiga rabon gado. Al'adar gidan ita ce mai ita ya miƙa ta da hannunsa, tun yana raye, ga ɗa guda ɗaya da ya ga ya fi sanin ƙarfe. Kowa a garin ya san ma'anar wannan kyauta, uba ne yake nuna wa duniya wanda ya gaje shi. Korau ya kai shekara saba'in da huɗu bai miƙa wa kowa ba.

'Ya'yansa uku ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma uwar ta daɗe da rasuwa. Amma ko 'yan uba ba sa yi wa juna irin kishin da waɗannan ke yi. In tsohon ya yi wa ɗaya murmushi, sauran biyun sai abinci ya fita ransu. Laifin kuwa nasa ne, ba zan rufe masa don abokina ne ba. Korau mutum ne mai rowar yabo. Ya fi masa sauƙi ya tuɓe rigarsa ya ba ka da ya ce maka madalla, shi ya sa 'ya'yan suka tashi suna wawar ɗan abin da ya faɗo daga bakinsa kamar kaji a kan tsaba.

Sanda ne babba. Yana aji huɗu na firamare uban ya cire shi ya zaunar da shi a gindin zuga-zugi, bai sake tashi daga nan ba. Shi ne mai hura wuta, shi ne mai riƙe awartaki, da ƙarfin tsohon ya ragu kuma shi ya koma mai dukan masaba. Shekara arba'in ke nan. Duk da haka in ƙannensa suka zo da Sallah a cikin motocinsu, sai ya ga uban ya sa an yanka zakara an shimfiɗa sabuwar tabarma, shi kuwa da ke nan kullum abin da yake ji bai wuce, "Kai, wutar nan ta mutu." Wannan abu ya daɗe yana cin Sanda a rai.

Bara'atu ce ta tsakiya. A gidan Korau mace ba ta taka rumfar ƙira, iyakarta bakin ƙofa in ta kawo fura. Tana 'yar shekara tara ta tsinci mayen ƙarfe a cikin wata matacciyar rediyo, ta riƙa jansa a cikin yashin rafi, baƙar tama na manne masa tana sharcewa, har ta cika gwangwanin madara. Ta kawo wa ubanta da murna. Ya duba, ya jinjina kai, ya ce, "Da ma ke namiji ce." Sannan ya miƙa wa Sanda gwangwanin. Ba ta yi kuka ba, amma ba ta manta ba. Ta bi karatun boko da zafin rai, ta karanci ilmin haɗa sinadarai har aka koma ce mata Dakta, ta zama malama a jami'a a birni. Duk tsawon karatun nan kuma ba ta rabu da ƙarfe ba.

Mudi ne auta, shi kuma bahago ne. Ranar da aka fara ba shi masaba don su riƙa duka shi da Sanda, wannan ya ɗaga wannan ya sauke, sai masabun suka yi ta karo a sama, saura kaɗan a fasa wa wani kai. Korau ya karɓe masabar a gaban masu jiran aiki ya ce, "Wannan hannu ba na ƙira ba ne." Mudi ya bar gari ya koyi aikin lantarki. Ya buɗe shago a birni yana naɗa wayar tiransifoma da ta injin ban-ruwa, daga baya ya ƙware wajen haɗa wani irin murhu mai narkar da ƙarfe ba gawayi ba harshen wuta, naɗaɗɗiyar tagulla ce kawai da lantarki. Masu zubin tukwane har layi suke yi a ƙofarsa. Amma in aka ce "Dakta Bara'atu" a gabansa sai fuskarsa ta sauya, in kuma ya zo gida ya ga Sanda zaune a gefen uwar maƙera sai ya ƙi shiga rumfar.

Saura abu ɗaya da ya kamata ku sani. Sunan Korau bai tsaya a iya ƙira ba, an san shi da cewa ƙarfe ba ya cinsa. A wasan maƙera, in an yi naɗin sarauta ko wani babban biki, shi ke fitowa ya lashi ƙarfen da ya yi jawur, ya goga wuƙa a cikinsa ba ko ƙwarzane. Makaɗa na yi masa kirari da haka, mutane na zuwa daga nesa neman maganin ƙarfe a wurinsa. Duk gari an yarda, ni ma na yarda, 'ya'yansa kuwa da wannan aka yaye su.

Ana nan ana nan, sai fitsari ya fara yi wa tsohon wuya. Ya sha saiwoyi, ya sha rubutu, abin sai gaba yake yi. Sanda ya ɗauke shi ya kai shi babban asibitin birni, aka ɗauki hoto aka ga ƙari a ƙasan mararsa, irin mugun nan da ake kira ciwon daji. Likitoci suka ce zuciyarsa ba za ta ɗauki babbar tiyata ba. Aka yi masa allurai da ƙwayoyi wata takwas, ƙarin ya ɗan lafa ya sake tasowa. Daga nan suka fara yi wa 'ya'yan irin maganar nan ta a koma gida a yi ta addu'a.

To, ga abin da Bara'atu ta yi. Ashe shekara bakwai ke nan tana wani aiki tare da likitocin asibitin. Ƙurar ƙarfe take haɗawa, dangin baƙar tamar da take tarawa tana yarinya, sai dai ba a turmi take daka ta ba, a cikin kwalabe take gauraya ruwan sinadarai har ƙwayoyin su fito. Ƙanƙantarsu ta wuce abin da ido ke gani. Ta ce mini sai an jera wajen dubu biyar kafin su kai kaurin silin gashi ɗaya, ni dai na ce to, tun da ban ƙirga ba. Hikimar ita ce a zuba su cikin ruwa a yi allurarsu a tsakiyar ƙarin, sannan a kwantar da mara lafiya a cikin wata na'ura mai ƙarfin maganaɗisu, wanda ke juyawa gaba da baya sau dubbai kafin ka ƙifta ido. Ƙwayoyin nan sai su yi ta ƙoƙarin bin juyin, da haka su ɗauki zafi. Ba zafin ƙuna ake so ba, wanda ya ɗara zazzaɓi mai tsanani kaɗan ake so, arba'in da uku a ma'auni. A wannan zafi naman ƙari yakan galabaita ya mutu, lafiyayyen naman da ke kewaye kuma ya tsira, domin daga ciki ɗumin ke tashi, ba daga waje ake gasawa ba.

Faɗa da baki sauƙi gare shi. In ƙwayoyin suka yi girma sai su cure wuri ɗaya, in suka cika ƙanƙanta ba sa ɗaukar zafi, in kuma aka sa su tsirara sai jiki ya yi musu bore. Sai da ta zubar da haɗi sama da ɗari uku kafin ta dace da girman da ake so, ta kuma yi wa kowace ƙwaya riga da wani abu ɗan'uwan sukari don jiki ya karɓe ta. A kan aikin nan ta ƙi wani babban aiki da aka yi mata tayi a ƙasar waje, a kansa idanunta suka raunana har ta koma sa tabarau mai kauri. Da aka ba da izinin gwadawa a kan marasa lafiya kaɗan waɗanda sauran magunguna suka gaza a kansu, likitoci suka duba Korau suka ce ya cika sharuɗɗan. Ta zo ta durƙusa a bakin gadonsa ta ce, "Baba, da ƙarfe zan yi maka magani." Ban ce ba ta son ubanta ba, tana sonsa ƙwarai. Amma ni da nake wurin na ga inda idonta ya tafi lokacin da take faɗin haka, kan Sanda ya tafi.

A nan kuma ta tafka kuskurenta. Akwai takardar tambayoyi da ake cikewa, babbar tambayar ciki kuwa ita ce ko akwai wani ƙarfe a jikin mara lafiya, kamar harsashi ko ƙusar ɗorin ƙashi. Dalili shi ne na'urar ba ta zaɓe, kowane ƙarfe ta samu kusa sai ta zafafa shi, kuma guntun ƙarfe ya fi ƙura ɗaukar wuta nesa ba kusa ba. Bara'atu ta ɗauko takardar ta yi wa uban tambayar a ɗakin jinya, ga mu 'yan dubiya mun kai goma. Ku ji fa, a tambayi Sarkin Maƙera a gaban mutanen garinsa ko ƙarfe ya taɓa shiga jikinsa! Aka tuntsire da dariya, shi ma ya dara ya ce, "Ƙarfe a jikina? Wane ƙarfen?" Ta rubuta babu. Wani matashin likita ya ce ko a ƙara ɗaukar hoto daga ƙugu zuwa gwiwa don a tabbatar, tun da hoton farko a mara ya tsaya. Ita da digirinta uku ta ce masa kada a wahalar da tsoho, ita 'yar gidan ce, ta san jikin ubanta. Boko ya shiga kanta, amma bai fitar da abin da aka yaye ta da shi ba.

Ga kuma abin da Mudi ya yi. Na'urar da za a yi aikin da ita daga ƙasar waje aka kawo ta, ita kaɗai gare su. Ana saura mako guda a fara, wutar lantarki ta zo da ƙarfi ta ƙone naɗaɗɗen bututun tagullar da ke haifar da maganaɗisun. Waɗanda suka ƙera ta suka ce sabo sai bayan wata tara, Korau kuwa ba shi da wata tara. Bara'atu ta san mutum ɗaya da ya iya irin wannan naɗi, amma sai da ta kwana uku kafin ta iya buga masa waya. Da ta buga kuma, maimakon ta ce ƙanena zo ka taimake ni, sai ta ce, "Akwai wani ɗan gyara a nan, ko za ka iya?" Mudi ya ji "ɗan gyara" har cikin ƙashinsa. Ya ce ai shi mai gyaran janareta ne, ina shi ina kayan daktoci, ya kashe waya. Kwana ashirin da shida ya yi yana wannan fushi. Ƙarin kuwa bai jira shi ya huce ba, ya ƙara girma har tsohon ya koma sai da roba yake fitsari.

Abin da ya karya wa Mudi zuciya, ya je dubiya ya tarar Sanda na goge wa uban baya da tsumma, ƙasusuwan duk sun fito ana iya ƙirgawa. Daga nan ya wuce ɗakin na'urar. Ya rufe shagonsa wata ɗaya da rabi, ya mayar wa mutane ayyukansu. Ya riƙa lanƙwasa bututun tagulla da hannun nan nasa na hagu, zagaye bayan zagaye, wata tazara ba ta fi wata ko da kaurin farce ba, domin in ta fi, zafin zai taru a gefe guda. Ya sa ruwan sanyi ya riƙa gudana a cikin bututun don kada ya sake ƙonewa. Naɗi na farko ya fashe, tafasasshen ruwa ya sale masa damtse, tabon na nan har yau. Na biyu bai tsaya daidai ba. Na uku ne injiniyoyin jami'a suka yi kwana tara suna aunawa, suka sa hannu cewa ya yi daidai da na asali. Da aka zuba ruwan ƙurar Bara'atu a ƙaramar kwalba aka sa a ciki, ma'auni ya hau arba'in da uku ya tsaya cak. Maimakon su yi hamdala, sai Mudi ya juyo ya ce mata, "Ƙurarki in ba wutata ai baƙin ruwa ce kawai." Ta ce, "Wutarka in ba ƙurata me za ta ɗumama?" Ubansu na can kwance a ɗakin jinya yana nishi.

Yanzu sai Sanda, wanda ba wanda ya tambaye shi komai. Shi ke wanki, shi ke ba da abinci a baki, shi ke goya tsohon zuwa bayan gida. Ƙannensa in suka shigo, da Turanci suke magana ta saman kansa kamar kujera ce a ɗakin. Alhali a cikinsa akwai maganar da ta fi takardunsu duka nauyi.

Shekara talatin da suka wuce, ana gobe wasan maƙera, suna ƙira su biyu a rumfa da hantsi, sai bakin masaba ya ɓalle, ɓarin ya tashi ya nutse a cinyar Korau ta hagu. Jini ya yi tsartuwa. Korau ya sa Sanda ya saki asabari ya rufe ƙofa, suka yi ta neman ɓarin da matsefata ba su samu ba, ya yi nisa. Da suka ɗaure wurin, ya kama hannun ɗansa ya ɗora a kan uwar maƙera, ya sa shi ya rantse da Allah ba zai faɗa wa kowa ba ko a bayan ransa. Washegari ya fita wasa da ɗaurin a ƙarƙashin warki, ya lashi wuta, mata suka yi ta guɗa. Raunin ya warke da ƙarfen a ciki, taƙi ɗaya da ɗan wani abu ƙasa da inda ƙarin ya fito daga baya. Wannan sirri shi kaɗai ne abin da Sanda ya mallaka na ubansa wanda ƙannensa ba su da shi, saboda haka ya riƙe shi kamar dukiya.

Ranar da aka yi tambayar nan aka yi dariya, Sanda na tsaye a bakin taga. Ya ji bayanin likita sarai, kuma shi maƙeri ne, ba sai an koya masa abin da zafaffen ƙarfe ke yi wa nama ba. Uban ya ɗago ya dube shi sau ɗaya, shi kuma ya sunkuyar da kai. Daga ranar zuwa ranar aiki kusan wata uku ne, bakinsa na rufe. In ka ce rantsuwa ce ta ɗaure shi, ka yi gaskiya. Amma shi da bakinsa ya gaya mana daga baya cewa ba ita kaɗai ba ce. Ya ce da na'urar ta ƙone har daɗi ya ji. Ya ce akwai ranakun da zuciyarsa ke raya masa, bar su su kunna, su ga iyakar bokonsu, gari ya san su wa suka ƙona ubansu. Sai ya yi istigfari, an jima tunanin ya dawo. Haka hassada take, ba ta duba wanda zai ƙone.

Ranar Litinin aka yi wa Korau allurar ƙurar, Talata da safe aka kai shi ɗakin na'urar. Sanda ne ya ɗauke shi ya kwantar, aka ce masa ya fita. Ya kai bakin ƙofa, ya waiwayo ya ga Mudi ya ɗora yatsa a kan makunni, sai ya ce, "Kada ka kunna. Akwai ƙarfe a cinyarsa."

Korau ya yunƙura daga kwance ya ce, "Sanda, ka fa rantse."

Ya ce, "Na rantse, Baba. Zan yi kaffara."

Mudi ya ce baƙin ciki ne kawai, ya ga aikinsu zai ci. Bara'atu ta ce, "Haba Yaya, sai yau za ka zo mana da wannan?" Amma likitar da ke jagorantar aikin ta ce ba wanda zai taɓa makunni sai an duba. Bara'atu ta ɗauko mayen ƙarfen da take tace ƙurarta da shi, ta ɗora a inda Sanda ya nuna don ta ƙaryata shi, sai ta ji yana ja a hannunta, tsohon kuma ya cije leɓe. Aka garzaya aka ɗauki hoto. Ga shi nan kamar ƙwallon dabino, kwance a jikin babbar jijiyar jinin cinya. Mudi ya fita ya sayo tsokar nama, ya cusa ƙusa a ciki ya sa a na'urar ya kunna. Ba a yi minti biyu ba ɗakin ya ɗauki ƙaurin tsire. Ya zauna a ƙasa ya riƙe kai. Likitar ta ce da jijiyar nan ta ƙone, da ba a fita da tsohon da rai ba.

Aka kashe wurin da allura aka ciro ɓarin, ƙaramin aiki ne da zuciyarsa ta iya ɗauka. Ƙurar kuwa tana nan zaune a cikin ƙarin tana jira. Bayan mako biyu aka fara, awa guda a kowane zama, har zama shida. Korau ya ce ji yake kamar an ajiye masa ɗumammen dutse a mara. Kafin wata uku ƙarin ya motse aka cire roba, a wata na biyar ya koma gida da ƙafarsa. Likitoci ba su ce ya rabu da ciwon har abada ba, sun ce ya riƙa dawowa ana dubawa, amma mutumin da aka fitar da rai da shi ga shi yana cin tuwo yana yi wa jama'a faɗa. Sanda ya ciyar da miskinai goma saboda rantsuwarsa.

Sai dai labarin ɓarin ya riga Korau isa gari. Masu zuwa neman maganin ƙarfe suka ɗauke ƙafa. A kasuwa aka fara cewa ashe Sarki ma tsoka ne da jini. Da aka tashi wasan maƙera na bana ba a ma aiko masa ba. Ya yi wata biyu ba ya amsa gaisuwar Sanda, yana cewa gara a ce ya mutu da sunansa. Amma in Sanda ya kawo tuwo yakan ci.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya tara 'ya'yan da mu dattawa biyar a rumfar ƙira. Ranar ce Bara'atu ta fara taka cikinta, shi ya ce ta shigo. Ya dafa uwar maƙera ya ce ya ga mutuwa da idonsa, ba zai ƙara jinkiri ba. Ya ce al'ada ta ce a ba wanda ya fi sanin ƙarfe, shi kuma ya ƙara da wanda ya fi hannu a ran nan nasa da ya dawo. Zancen mace ko bahago ya ce ya janye, kowa ɗansa ne. Amma ya kasa zaɓa, domin duk wanda ya duba a cikinsu sai ya ga abin godiya da abin haushi a fuska ɗaya. Ya ce mu mu yanke.

Bara'atu ta ce abin da ya kashe ƙarin ƙurarta ce ba wani abu ba. Kakanninsu sun iya mayar da tama fartanya, ita ta mayar da ita magani, in zancen sanin ƙarfe ake yi a nuna mata wanda ya kai ta. Mudi ya ce ƙurar ta yi mako biyu a marar tsoho ba ta tsinana komai ba sai da wutarsa ta taɓa ta, shi ya hura wutar da ba maƙerin da ya taɓa hura irinta, kuma da hannun da aka kora daga rumfar nan. Sai aka zo kan Sanda. Ya ce shi bai haɗa komai ba, bai naɗa komai ba, magana ɗaya ya yi, kuma ita ta cinye masa amincin ubansa na shekara talatin. Ya ce su sun samu suna a birni, shi ya samu fushi a gida. In aka ɗauke uwar maƙera daga nan, a kan me zai yi duka gobe?

Daga nan sai suka koma tonon silili. Bara'atu ta ce wa Sanda wata uku yana kallonsu suna shirya wa ubansu wuta. Ya ce mata ita wa ya hana a ɗauki hoto? Su biyun suka haɗu a kan Mudi da kwanakinsa ashirin da shida. Tsohon na zaune yana jinsu, hawaye na bin gemunsa, ba wanda ya lura sai ni.

Mu ma dattawan ba mu fi su ba. Liman ya ce a ba Sanda, domin ya fifita ran ubansa a kan yardar ubansa, kuma wannan ba kowane ɗa ke iyawa ba. Sarkin Noma ya ce mutumin da ya ga makaho ya nufi rijiya ya yi shiru, ba a ba shi tukwici don ya yi ihu a taku na ƙarshe, shi Bara'atu ya zaɓa, shekara bakwai ba kwana bakwai ba ce. Tsohon hedimasta ya ce ai Bara'atu ce ta haƙa rijiyar da ta hana hoto, ilmin da bai raba mai shi da camfi ba da saura, a ba Mudi da ya sha ƙuna a jikinsa. Sarkin Fawa ya ce Mudin da ya bar ubansa da roba saboda an ce masa ɗan gyara? Shi a ganinsa a sare uwar maƙerar gida uku kowa ya ɗauki kaso. Korau ya ce sai dai a sare shi. Aka juyo aka dube ni, na ce a ba ni lokaci. Na san ƙarfe ɗaya ba ya amo, amma uwar maƙera ɗaya ce, kuma hannu ɗaya za a miƙa wa.

Yau wata huɗu ke nan, 'ya'yan ba mai gaida wani. Jiya tsohon ya tsayar da ni a ƙofar rumfa ya ce ranar komawarsa asibiti ta matso, bai san abin da hoton zai nuna ba, kuma ba ya so ya tafi bai miƙa ba. Na yi masa alkawarin amsa ranar Juma'a.

To, ku fitar da ni. Wadda ta haɗa maganin amma ta hana a duba, ko wanda ya hura wutar amma ya bar ubansa yana jira, ko wanda ya ceci ran da magana ɗaya bayan ya yi wata uku yana haɗiye ta, wa ya cancanci a ba uwar maƙera?